Azumin da Aka Sa Mini Suna Gobara

Shekaranjiya da hantsi, ina tsugune a kangon bayan gidanmu ina ba tumatir ruwa, iska ta kwaso wani wari daga bakin titi ta watsa mini a fuska. Warin ɗanyen kashin kaji ne, irin wanda yake shiga hanci ya nemi kujera ya zauna. Nan take na ajiye bokiti. Tsofaffi in za su ba da labari sai su ce shekara arba'in da suka wuce. Ni duka-duka shekaruna goma sha bakwai, ba ni da arba'in ɗin da zan kashe, amma wallahi azumin da warin nan ya tuna mini ya ƙara mini talatin a kai. Har furfura na gani a lokacin. Umma ta ce zaren ɗankwali ne.

Ina 'yar shekara goma sha uku, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Duk wanda yake Tudun Wada a shekarar nan ya san abin da nake nufi. Kwanon rufi ƙara yake yi da azahar kamar ana soya shi. Ƙadangaru sun daina gyaɗa kai, don ba su yarda da abin da ke faruwa ba. Famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, rijiyarmu kuma in ka zura guga sai ta dawo maka da laka da haƙuri. A haka Baba, wanda yake tuƙin motar haya tsakanin Zariya da Kaduna, ya yi hatsari ya karye a cinya. Aka kawo shi gida aka yi masa ɗori, ya kwanta a tabarma yana kallon silin. Daga ranar, abin da zai shiga tukunyarmu ya koma kan kangon Umma.

Kangon nan ba gona ba ce, fili ne da aka fara gini aka bari. Umma ta jera tsofaffin buhunan siminti da na shinkafa cike da ƙasa, tana shuka tumatir da alayyafo da latas da attaruhu. Da azumi matan layinmu ba sa zuwa kasuwa neman ganye, gidanmu suke aiko yara. Sirrinta taki ne. Kashin awakin maƙwabta take tarawa, ta haɗa da toka da ɓawon kayan miya, ta yayyafa ruwan wanke-wanke, ta rufe da tsohuwar tabarma. In ya kwana biyu ka cusa hannu sai ka ji zafi kamar cikin tuwo. Daga nan ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari, tanar ƙasa ta cika shi. Sai Umma ta ga tanar tana wutsil-wutsil take cewa taki ya nuna.

Ana saura 'yan makonni a ga wata, muka ji hon a ƙofar gida kamar an kawo amarya. Kawu Sale ne, yayan Umma, mai gidan kaji a can bayan Gyallesu. Ya zo da a-kori-kura shaƙe da kashin kaji, ya tsaya a tsakiyar layi cikin shadda mai maiƙo, ya ɗaga murya yadda har kurman gidan kwana sai da ya leƙo.

"Rabi! Fito ki ga. Daga yau kin daina bin gidajen mutane kina tsintar kashin awaki kamar marainiya. Ga taki nan na gaske, kyauta. Ni ba na ganin jinina cikin wahala in yi shiru."

Umma ta durƙusa har ƙasa tana godiya. Maƙwabta suna ta Allah ya saka. Baba daga ɗaki yana ɗaga hannu. Ni ma, Allah ya yafe mini, har da tafi.

Umma ta yi wa takin yadda ta saba. Ta jiƙa, ta rufe. Aka kwana, aka tashi, ta cusa hannu, sanyi ƙalau. Aka ƙara kwanaki, shiru. Bai yi zafi ba, bai yi baƙi ba, ko tana ɗaya ba ta zo gaisuwa ba. Warinsa ma ba na kashin kaji kaɗai ba ne, akwai wani wari a ƙasa-ƙasa, irin na shagon magani in an daɗe ba a buɗe taga ba. Na ce, "Umma, takin nan fa kamar mara lafiya." Ta ce, "Rufe mini baki. Kyautar Yaya ce."

Lokaci ya ƙure, irin da aka yafa ya isa dashe, Umma kuma tana fama da jinyar Baba, ga wanki ga gashin ƙafa ga 'yan dubiya. Sai ta miƙo mini 'yar fartanya ta ce, "Hafsatu, kin girma. Bana ke za ki dasa." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na gauraya ƙasa da takin Kawu, na cika buhuna, na dasa kowane tsiro da bisimilla. Ruwa kuwa daga bohol ɗin masallaci nake ɗaukowa a jarka, in bi layi tun rana ba ta yi zafi ba, in dawo wuyana ya shige cikin kafaɗa. Ni ban sha ba, na ba tumatir.

Aka ga wata, aka kama azumi. Tumatir ma ya kama nasa. Ganye ya fara rawaya daga gefe, ya nannaɗe, ya ƙone kamar an gifta masa ashana. Latas ya kwanta bai ƙara tashi ba. Alayyafo, wanda ko a bakin kwata yake fitowa ba a gayyace shi ba, ya tsaya tsawon ɗan yatsa ya ce shi nan ya iso. Na tumɓuke ɗaya na duba, saiwar ta yi guntu ta yi ja kamar gashin masara.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Kawu ya zo duba Baba da abokansa biyu. Da suka gama, ya ce bari ya ga aikin takinsa. Ya shiga kango, ya tsaya, ya kama ƙugu.

"Innalillahi. Rabi, wa ya dasa wannan?"

"Hafsatu ce, Yaya."

Ya juyo ya kalle ni tun daga silifas har ɗankwali. "To ai shi ke nan. Shuka hannu gare ta. Akwai hannu mai albarka, akwai hannun wuta. Kin ɗauki taki mai daraja kin ba Gobara."

Abokansa suka kwashe da dariya, ɗaya har yana riƙe hula. Yaran layi kuwa suna kan katanga. Kafin la'asar sunan ya isa har unguwar Tudun Jukun.

Ba na jin akwai wanda ya taɓa shan wahalar suna kamar ni. A islamiyya in na shigo sai a ce a kawo ruwa. Maman Walida ta gidan kusa ta hana ni taɓa zogalenta, har ta ce in daina bi ta gefensa. Wata ta ce kada in dama kunu, zai tsinke. Ƙanena ya roƙe ni in taɓa littafin lissafinsa ko Allah zai sa ya ƙone. Wanda ya fi ci mini rai, Umma ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Ta dai karɓe fartanyar ta rataye a bayan ƙofa, ta ce in bar shiga kango tukuna.

Ga yunwa. Yaran da ake aikowa sayen ganye suka daina zuwa. Buɗa-bakinmu ya koma kunun tsamiya da ba ya jin sukari, sai garau-garau da ake nuna wa mai daga nesa. Ƙamshin ƙosai da soyayyen dankali ya riƙa tsallako katanga daga gidajen mutane yana yi mana gwalo. Da sahur tuwon jiya ne da miyar kuka tsirara. Baba ya rame har ɗaurin ƙafarsa ya yi masa yawa, kullum sai ya tura mana rabin kwanonsa ya ce shi kwance yake, ba ya jin yunwa. Hadari ya haɗu sau ɗaya ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito da bokiti da roba, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu.

Ni kuwa da rana in na kwanta a siminti don in ji sanyi, ba abinci nake tunani ba, Kawu nake tunani. Na shirya zuba masa ƙaiƙayi a babbar riga ranar idi. Na shirya buɗe masa kejin kaji in kira duk muzurun Gyallesu walima. Na shirya in zama likita, in jira ya tsufa, ya zo asibiti, in ce allura ta ƙare sai babba. Malamarmu ta ce mai azumi ba ya ƙullatar mutum, na tambaye ta ko ana iya ajiyewa sai an sha ruwa a ɗauka.

A ɗakin zaurenmu akwai 'yar haya, Anti Binta, tana karatun likitan dabbobi a jami'a, tana kuma aiki a ɗakin gwajinsu. Wata rana ta tarar da ni a bakin kango ina harar tulin takin daga nesa, tun da an hana ni shiga. Ta shiga, ta ɗebo kaɗan, ta murza, ta shinshina, ta ɓata fuska.

"Kajin kawun nan naki sun yi ciwo kwanan baya?"

"An ce sun yi mura. Wai har sun mutu da yawa."

"Hmm. Kin san in aka ɗura wa kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba duka jikinta yake riƙewa ba? Mai yawa ta kashi yake fita, da ƙarfinsa. Kuma abin da yake dafa taki har ya nuna, ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani. In magani ya yi yawa a ciki, su ma kashe su yake yi."

Na miƙe tsaye. "Anti, ana iya ganewa?"

"Ana gwadawa. Ki kawo mini wannan kaɗan, da na awakin Umma kaɗan. Amma ki fara tambayarta."

Na tambaya. Umma ta saki muciya a tukunya.

"Kyautar yayana za ki kai awo? A ce Rabi an ba ta abu ta kai a bincika? Ke ko kunya ba ki ji? Ko guba ya ba ni, in na karɓa na yi godiya, magana ta ƙare. Kada in ƙara ji."

A gidanmu haka abin yake. Abin da ka saya kana iya juya shi, ka latsa, ka mayar. Abin da babba ya ba ka, ko buɗewa ba ka yi a gabansa sai ya ce ka buɗe. Na gane ba taki Kawu ya kawo mana ba, abin da ba a isa a yi magana a kansa ba ya kawo.

To amma azumi ne, kuma da azumi babu mai tare yarinyar da ta ɗauko langa rufe da faifai gab da magariba. Kowa ya san kai kwano za ta yi. Na ɗauki langar Umma mai hawa biyu, ta fulawa, wadda ake kai wa surukai abinci. Hawan sama takin Kawu, hawan ƙasa na awaki. Na ratsa tsakar gida a gaban Umma ina tafiyar 'yan kirki. Ta ce, "Ina zuwa?" Na ce, "Anti Binta zan kai wa." Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin da ƙarfi, don ina bukata.

Anti Binta ta buɗe langa tana shirin cewa an gode, ta rufe da sauri. Sai da ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ranar Asabar ta tafi da ni ɗakin gwajin. Abin da na fara lura da shi sanyi ne. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, na ce Anti ki bar ni a nan sai sallah, ko a cikin kwalba ne. Ta jiƙa kowane taki daban, ta tace ruwan, ta ɗauko wasu 'yan faya-fayan roba masu murfi da aka shafa wa ƙwayoyin cuta a kan wani abu kamar kamu mai kauri. Ta ɗiga ruwan takin awaki a ɗaya, na Kawu a ɗaya, ta sa a akwatin ɗumi. Ta ce sai sun kwana. Sauran ruwan kuma za ta ba wani malaminsu ya sa a babbar na'ura da take faɗin ko wane magani ne.

Da ta dawo da hoton a wayarta, ko ni da ake kira Gobara na gane. Faifan awaki ya cika da ƙwayoyi har bakin ɗigon, sun yi biki. Faifan Kawu kuwa, kewaye da ɗigon an share fili fes, da'ira guda, babu abin da ya iya matsowa. Na'urar ma daga baya ta nuna magani har iri biyu.

"Ki fahimta," in ji Anti, "ba wai maganin ne kaɗai ya ƙone shukar ba. Ya hana takin nuna, ya zauna ɗanye, ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne ga saiwa. Kuma gara ma da bai yi ba. Da ganyen ya tashi, wani abin zai iya shiga cikinsa ku ci, ƙwayoyin cutar da suka saba da magani kuma su daina jin sa."

"Wato ba hannuna ba ne."

"Hannunki lafiya lau. Bakinki ne dai ban gwada ba."

Hoton waya bai ishe ni ba. Kawu zai ce aikin 'yan boko ne. Na samo gwangwanayen madara biyu, na huda gindinsu, ɗaya ƙasa da takin awaki, ɗaya ƙasa da takinsa. Na shuka wake a kowanne da hannun nan nawa na dama, na ɓoye a tagar Anti Binta. Kullum in na dawo daga bohol su nake fara ba ruwa. Kafin a ga watan sallah, ɗaya ya yi ganye shar har yana neman abin kamawa. Ɗayan ya leƙo, ya ga inda yake, ya sunkuyar da kai ya mutu.

Ranar sallah dangi duka gidan Kawu ake taruwa, kowane gida da kwanonsa. Falo ya cika, maza a kan kujeru, mata a kan darduma, abokan nan nasa biyu suna nan suna yaƙi da cinyar kaza. Na shigo da tire a ka, rufe da kyalle mai aikin sarƙa. Na durƙusa a gabansa kamar Umma ranar a-kori-kura.

"Kawu, barka da sallah. Ga ɗan abin da na kawo maka. Kyauta."

"A'a, Gobara da kanta! Allah dai ya sa ba ki ƙona ba. Buɗe mu gani."

Shi ya ce in buɗe. Ina so a rubuta wannan a tarihi.

Na yaye kyalle. Gwangwani biyu, da wayar Anti a tsakiya da hoton faya-fayan. Na yi bayani da muryar karatun hadda, dalla-dalla, ban tsallake ko da'irar ba. Na ɗaga hannuna sama na ce, "Duka biyun wannan hannun ne ya shuka. Wannan takin awaki, wannan naka."

Kawu ya buɗe baki, sai Hajiya Lami matarsa, wadda take shigowa da jug ɗin zoɓo ba ta san inda aka kwana ba, ta leƙa tiren ta ce, "Ai sai da na ce maka, Alhaji, yaran nan su daina juye ragowar ruwan maganin a kan juji. Kai kuma kullum a ninka, a ninka, ba ka kira likita ba. Ba shi ya sa masu lambun bakin rafi suka shinshina suka ƙi ɗauka ba?"

Abokin nan mai riƙe hula ya ajiye cinyar kaza a hankali.

Ban taɓa ganin shadda ta yi laushi a jikin mutum ba sai ranar. Kawu ya yi tari, ya ce yaran zamani sai addu'a, ya ce a kawo abinci. Bai ba da haƙuri ba. Kawu ba ya ba da haƙuri, ko taka ka ya yi sai dai ya ce ƙafarka ta yi tsawo. Amma ya karɓi kyautar, don ba a mayar da kyauta, ya kuma ce an gode a gaban kowa, don haka ake yi.

Umma ta riƙe kunnena tun daga Gyallesu har ƙofar gidanmu. Ina jin har yau na hagu ya fi na dama tsawo. "Kin kunyata ni. A langar surukai! Yayana guda!" Muna shiga gida ta sake ni, ta kalli Baba da yake dogara sanda a bakin ƙofa duk ya zama ƙashi. Sai ta miƙa hannu bayan ƙofa ta sauko da fartanya ta ba ni. Washegari ni da ita muka kwashe takin nan kaf, muka zazzage buhuna, muka koma bin gidaje neman kashin awaki. Ruwan farko ya sauka muna cikin aikin, muka tsaya a ciki ba mu gudu ba.

Yanzu Baba ya koma kan mota, bohol ya zo layinmu, tumatirina har daga unguwar Kongo ake aikowa nema. Amma sunan bai tafi ba. Har malaman makarantarmu Gobara suke cewa. Wannan shi ne abin da ban yafe ba.

Shi ya sa shekaranjiya da na ji warin nan na ajiye bokiti na fito. A-kori-kura ce a ƙofar gida, ba hon wannan karon. Kawu yana tsaye a rana, ya ɗan tsufa, yana cewa Umma wannan ya daɗe a ajiye, kajin ma likita ne yake duba su yanzu. Umma ta durƙusa ta yi godiya yadda ta saba, sannan ta ce, kanta a ƙasa, "Sai dai Yaya, kangon ba a hannuna yake ba yanzu. Kuma mai shi ba ta sa taki sai an gwada."

Kawu ya juyo. "To, Gobara, zo ki ɗiba."

Na kalli sama. Na kalli mai a-kori-kura. Na duba farcena ɗaya bayan ɗaya.

"Ke Gobara, ba magana nake ba?"

Rana tana dukansa, gumi yana bin wuyan shadda, yaran layi sun fara hawa katanga. Ni kuwa ba inda za ni.

Ya yi gyaran murya. Ya ƙara yi.

"Hafsatu."

"Na'am, Kawu! Sannu da zuwa, ya hanya?" Na kawo gwangwani na ɗebi kaɗan, na rufe. "A mayar da sauran tukuna. In wake ya fito, zan aiko."